Kuɗin Jirgin Kaltume

Shekara talatin hannuna yana cikin ruwan bagaruwa,
har farcena ya manta launinsa na haihuwa.
Ni majemi ne a Marwa.
Abin da na sani, fata da toka da kashin tattabara,
da baƙin ruwan da muke zubarwa
ya gangara Mayo Kaliyawo, yashi ya shanye, mu yi shiru.

Kaltume ce ta ƙi yin shiru.
Ta zo da kwalabe daga jami'a, ta durƙusa bakin kwata
tana ɗiban abin da ko akuya ba ta sansana.
Ta ce, Baba, akwai ƙura da ta fi ƙura ƙanƙanta,
a tsaga gashin kai sau dubu, a sake tsagawa,
nano ake ce mata.
Na ce, abin da ido bai gani ba, wa zai saya?
Ta jiƙa bagaruwata, ta haɗa da ruwan ƙarfe,
ya yi baƙi ƙirin. Na yi dariya,
wannan ai kulokon kakanki ne!
Ta zuba a kwalbar dauɗa. Kafin la'asar
ina hango yatsana ta cikin ruwan.

Sai takarda ta zo daga ƙetaren teku:
masana za su taru, an ba ta minti goma sha biyu,
kuma cikin ɗalibai ɗari huɗu
tana cikin ashirin da za a ɗauke wa kuɗin tafiya.
Uwarta ta yi guɗa.
Kaltume ba ta yi ba, tana karanta layin ƙasa,
mai ƙananan baƙaƙe kamar ƙurar tata:
ki fara biya, ki adana rasit, za mu mayar miki daga baya.

Daga baya!
Wanda ya rubuta haka bai taɓa jiran fata ta bushe a damina ba.
Tikiti jaka ɗari bakwai,
ban da motar Gaundare, ban da jirgin ƙasa zuwa Yawunde,
ban da kwana tara a layin biza.

Na kwance kirgi goma sha ɗaya da na ɓoye wa Sallah.
Bappa Sajo baduku ya jinkirta rufin shagonsa.
Matan adashi suka tsallake Gwaggo Dudu, da yardarta.
Malaminta ya miƙo ambulan, ya kau da kai.
Har Ngarsu, Bakirista mai wanke mana fata,
ya ajiye jaka biyu a kan turmi,
ya ce 'ya'yansa ne ke wanka a ƙasan kwatar.

Ta tafi da rigar sanyin aro
da ƙullin bagaruwa da ma'aikacin kwastan ya daɗe yana juyawa.

Da ta dawo na zaci labarin tafi za ta ba ni.
Ta ce, Baba, wata tsohuwa mai farin gashi ta ɗaga hannu:
bayan ƙurarki ta kama dauɗar, ita kuma ina za ta?
Ban da amsa. Na ce ban sani ba, a gaban mutum ɗari uku.
Tsohuwar ta biyo ni wurin shan shayi,
ta ce in aiko mata da laka, injinta zai duba.

Na ce, jaka ɗari bakwai, tambaya kika sayo mana?
Ta ce, eh.
Na tuna shekara talatin ina zubar da ruwan nan
ban taɓa tambayar inda yake kwana ba.

Kuɗin ya iso bayan wata bakwai, banki ya gutsuri rabonsa.
Muka zauna rabo a ƙarƙashin darbejiya.
Gwaggo Dudu ta karɓi nata, haƙƙinta ne.
Bappa Sajo ya ture nasa da ƙafa:
akwai yaron Mokolo da ke fama da karan dawa a ɗakin gwajinsu,
in tasa takardar ta zo, kada ya tsaya karanta layin ƙasa.

Yana cikin gwangwanin madara, bayan buhun toka.
Har yanzu shagon Sajo yana yoyo ta kusurwar gabas.